Takun Baba Kumai

Mijina Meshak ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama da ƙafafunsa. Haka na same shi, haka kuma na bar shi, don na yi shekara biyu ina neman gyara abin kafin na gane bakina kawai nake ɓatawa. Idan muka fito daga majami'a ranar Lahadi ina gaisawa da jama'a, shi idonsa na ƙasa, yana lura da wanda ke jefa ƙafar hagu waje da wadda dunduniyar takalminta ta cinye ta gefe ɗaya. Ya taɓa gaya mini, ba ko kunya, wai tafiyata ya fara so tun kafin ya san ko ina da hanci. Na ce na gode, da ya auri tafiyar ya bar ni a gidan ubana.

Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya, aikinsa ke nan. Ilimin motsin jikin ɗan Adam ya karanta a jami'a a Zariya, da aka buɗe babbar kwalejin horar da malamai a Kafanchan kuma sai aka turo shi ya koyar da shi. Ɗalibansa ba yara ba ne. Yawancinsu malaman firamare ne da suka daɗe suna riƙe alli, wasu sun girme shi, da iyalinsu da komai, sun dawo ƙaro karatu don su koma su koyar da wasanni da lafiyar jiki. Mutanen gari dai sun kasa gane abin da yake yi. Gwaggona ta ja ni gefe har sau uku, wai in ji tsoron Allah in gaya mata gaskiya, da gaske mijina ya yi shekara huɗu a jami'a ne don ya koya wa masu gemu yadda ake tafiya?

Kwalejin sabuwa ce, don haka da abin da hannunsa ya kai yake koyarwa. Yakan sayo ƙafar akuya a mahauta ya feɗe ta gaban aji, ya ja jijiya su ga kofato ya lanƙwashe, da yamma kuma ya kawo mini ita in yi farfesu. Igiyar shanyata ta tafi kwaleji ranar wata Talata ba ta sake dawowa ba. Tokar murhuna ma ba ta tsira ba. A buhu yake kwashe ta, ya barbaɗa a filin ƙwallo, ɗalibai su bi ta kai, sannan su durƙusa da tef suna auna sawun juna, su faɗi tsawon taku da inda nauyin jiki ya sauka. Yakan dawo gida fari fat har gira, yana ba ni labarin dunduniyar wani. Ina yi masa tsiya, amma raina yana son ganinsa haka, kuma zamanmu lafiya lau.

Abin da ya dame mu a 1978 shi ne ƙafafun babana. Baba Kumai ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin reluwe, mai duba layi. Kullum da sassafe zai saɓa guduma, ya cusa jar tuta a aljihu, ya bi mil shida na layin dogo a ƙasa, yana taka katakan nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙarfen jirgi, yana ƙwanƙwasa ƙusoshi ya ji wadda ta yi sako-sako. A barikin reluwe yake kwana, ranar Asabar kuma ya tafi ƙauyenmu da ke bayan Kagoma, inda mahaifiyarmu Edna ke noman citta da doya. Mota a bakin kasuwa take sauke mutum. Sauran rabin mil ɗin hanyar ƙafa ce siririya a tsakanin gonaki, ko keke sai an tura.

Akwai wata bishiyar ɗorawa inda hanyar ta karya kwana kusa da gidanmu. Mama takan ce daga nan take jin takun Baba, ko da daka take yi. Muna yara mun sha ƙaryata ta. Sai mu ga ta ajiye taɓarya, ta ɗauraye ƙwarya, ta ɗebo ruwa a randa ta tsaya a bakin ƙofa, kafin a jima sai ga hular reluwe ta ɓullo. Ban taɓa ganin ta ɗebi ruwan nan don wani mai wucewa bisa kuskure ba.

A watan Oktoba na 1977 Mama ta rasu, aka binne ta a bayan gidanmu kamar yadda muke yi. Baba ya riga ya yi ritaya, sai muka ɗauko shi ya zauna da mu a Kafanchan. Hannunsa na dama ya daɗe yana ɗan rawa, amma bayan rasuwar abin ya sauko ƙafa. Mutumin da yake cin mil shida kullum kafin rana ta yi zafi ya koma jan ƙafa, taku ƙanana-ƙanana, ya duƙa gaba, hannuwa a manne da jiki. Idan ya iso bakin ƙofa kuwa sai ƙafafun su kafe ƙam, yana so ya wuce, su suna ƙi. Likita ya ce ciwon rawar jiki ne na tsufa, ya ba da ƙwayoyi, ya kuma gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa sauƙi kawai za su kawo.

Asabar ta ƙarshen Oktoba aka sa za a yi cikar shekara, a shafe kabarin da siminti, a kafa dutse mai sunanta, Fasto ya yi addu'a. Yayana Simon ya zo muka shirya cewa samari huɗu za su ɗauki Baba a kujera daga kasuwa zuwa gida. Muna ganin mun yi dabara. Baba ya bari muka gama tsaf, sannan ya yi magana da Hausarsa ta barikin reluwe, don da Hausa muke magana a gidan, yaren Meshak daban ne da namu.

"Wannan hanya, ranar da aka ɗauke ni a kai, ranar ne ba zan dawo ba," in ji shi. "In ƙafa bai kai ni ba, ku je ku yi. Ku gaishe ta."

Na san ubana. Idan ya faɗi magana da wannan muryar, ko shugaban tasha ba ya juya shi. Na kuma san idan ranar ta wuce yana zaune a barandarmu, to ya zauna ke nan, ba zai sake neman tashi ba. Tsoron da nake kwana da shi ke nan, saura kuma mako shida.

Meshak ya ce a bar masa, ai fanninsa ne. Ya barbaɗa toka a tsakar gida, ya fito da tef, ya roƙi Baba ya bi ta kai sau ɗaya tak ya ga inda matsalar take. Baba ya dubi tokar, ya dubi surukinsa, ya ce a saninsa da toka wanke tukunya ake yi. Dattijon ikilisiya ne shekara ashirin, ba zai taɓa buɗe baki ya ce yana tsoron abin da miyagu ke yi da ƙasar sawun mutum ba. Amma da yamma na hango shi yana jan tsintsiya a bayansa daga banɗaki har ɗaki. Meshak ya gwada motsa gaɓoɓi, ya gwada sanda, ya gwada riƙe masa hannu. Riƙon hannun ma ya fi ɓata abin, don Baba ya tsani a ja shi. Mako biyu suka tafi a haka, malamin tafiya ya rasa yadda zai yi da tafiyar da ke cikin gidansa, har ya daina ba ni labarin dunduniya.

Wata Alhamis da safe na raka Baba karɓo magani. A dawowa muka bi ta gajeriyar hanya da ke ƙetare layin dogo. Daga ƙofar asibiti zuwa layin, tafiyar da nake yi cikin minti biyar, sai da muka ci kusan rabin awa, rana tana dukan mu, ga miya na bari a wuta. Muna isa sai Baba ya tsaya, ya ƙanƙance ido yana duban can gaba, ya ce wancan ƙusa bai zauna daidai ba. Kafin in ce wani abu ya zare hannunsa daga nawa, ya hau kan katakan.

Sai ya kama tafiya. Tafiya sosai, irin wadda na sani tun ina yarinya, ƙirji a miƙe, hannuwa suna lilo, kowane taku a kan katako ɗaya. Ya yi taku kusan arba'in, ya ƙwanƙwasa ƙusar da sandarsa, ya girgiza kai don takaicin ma'aikatan yanzu, ya juyo ya dawo. Yana sauka ƙasa kusa da ni ƙafafun suka kafe, ya miƙo mini hannu.

Ban karɓi hannun ba. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, kuma ranar zuciya ta ɗebe ni. Na tuna ruwan wanka da nake kai masa har ɗaki, da kujerar da nake ja masa daga inuwa zuwa inuwa, da kukan da nake ɓoyewa a kicin. Na ce ashe yana iyawa. Na ce wata da watanni yana mai da ni da mijina abin wasa, mutumin kirki yana ta fama da littattafai saboda shi, alhali lafiyarsa ƙalau, lallashi kawai yake so. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, a bakin hanya, masu tallan lemo suna ji.

Bai yi mini faɗa ba. Ƙafafunsa ya tsaya yana kallo. "Martina," ya ce, "ni ma ban sani ba." Ban yarda ba, muka ƙarasa gida na tarar miyar ta ƙone.

Da Meshak ya dawo cin abincin rana na zazzage masa labarin, ina jira ya taya ni jin haushi. Mutumin nan sai ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ya tambaye ni taku nawa, ko hannuwan suna lilo, ko Baba ƙasa yake kallo ko gaba. Na ce ina ba shi labarin cin amana yana tambaya ta lilo. Bai ma ji ni ba. Ya wanke hannu, ya ɗauki tef, ya hau babur. Bayan rabin awa ya dawo gwiwoyin wandonsa duk baƙin mai, yana maimaita inci ashirin da bakwai, wato tazarar da ke tsakanin katako da katako a wurin.

Ya sauko da wani littafi mai yagaggen bango, ya zaunar da ni kamar ɗalibarsa. Ya ce tafiyar yau da kullum ba tunaninta muke yi ba, akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke tafiyar da ita da kansa, kuma shi ne ciwon Baba ya taɓa. Amma idan ido ya ga alama a ƙasa, ya ce wa ƙafa taka can, saƙon ta wata hanya dabam yake bi, ita kuwa tana nan da sauran ƙarfinta. A fili Baba ba shi da abin takawa. A kan layi kuwa kowane taku an riga an ajiye masa wurinsa, ga shekara talatin da ɗaya na sabo.

"Sakin layi ɗaya ne a littafin," in ji shi. "Na amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Watan jiya na karanta wa ajina shi. Ga shi a gidana yana cin tuwo da ni, ban gane shi ba."

Kunya ta kama shi, amma tawa ta fi tasa nesa ba kusa ba. Na je na durƙusa gaban Baba a baranda, na ce ya yafe mini, hawaye suna zuba. Ya bar ni na ɗan jima a ƙasa, don dai in ji a jikina, sannan ya ce in tashi, ya ji ƙaurin wani abu a kicin. Miyar ce kuwa, karo na biyu a rana ɗaya.

Da la'asar Meshak ya ja layuka da alli a simintin baranda. Don tausayi sai ya matso da su, inci goma sha takwas-takwas, wai kada a wahalar da tsoho. Siminti ba ya riƙe sawu, saboda haka Baba bai yi gardama ba. Ya tashi ya taka uku, ya yi tuntuɓe a na huɗu, ya tsaya yana huci.

"Malam, wane fomen ne ya sa leburori suka shimfiɗa wannan layi? Jirgi zai faɗi."

Ya karɓi allin, ya sa aka goge, ya riƙa nuna wa Meshak da bakin sanda inda zai ja kowane layi, da ido kawai. Da aka ɗora tef, ashirin da bakwai ne cif, ba ƙari ba ragi. Ranar Baba ya yi ta kai da kawowa a barandar nan har sai da na roƙe shi ya zauna ya sha kunu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta koma tana kiran sunan Yesu.

Saura hanyar ƙauye, wadda ba siminti, ba a kuma jan alli a kan ciyawa. Meshak ya nemi izinin Baba ya kai maganar gaban ajinsa. Na ɗauka zai ƙi, sai ya tambaya ƙarfe nawa ake shiga. Ranar Litinin ya sa kakinsa na reluwe da hula da manyan takalman aiki, muka tafi tare, don ni ma ba a bar ni a baya ba. Ɗalibai ashirin da takwas suka miƙe suka gaishe shi. Ya ja ƙafa daga ƙofa zuwa tebur suna kallo, sannan ya bi layukan alli ya dawo kamar soja. Meshak ya sa kowa ya rubuta abin da ya gani ya canja, daga wuya har idon sawu, sannan ya rubuta tambaya ɗaya a allo: yaya za a kai wa mutumin nan layin dogo har ƙofar gidansa?

Amsoshi suka yi ta zuwa. Wani ya ce a sassare hanyar da fartanya, aka tuna masa ruwan Oktoba zai shafe kafin Asabar, masu gonaki kuma ba za su yi dariya ba. Wani mai son lissafi ya ce ana bukatar alama dubu da ɗari da saba'in da wani abu. Sai Malama Lai'atu ta ɗaga hannu. Hedimistires ce daga Zangon Kataf, uwar 'ya'ya biyar, ba ta cika magana a aji ba. Ta ce ita ba ta ga abin dubu a nan ba. Tsoho taku ɗaya yake yi a lokaci ɗaya. A samo gwangwala ashirin a tsaga, a shafa musu farar ƙasa, wadda ya taka ya wuce a ɗauke a miƙa gaba hannu da hannu, yadda mata ke miƙa kwanon yashi ranar ginin majami'a.

Baba ya dube ta da kyau, ya ce da a reluwe take da ta yi fomen. Ya ƙara da cewa wani amfanin gwangwala shi ne mutum ba ya barin komai a ƙasa bayan ya wuce. Ɗaliban ba su gane ba, ni da Meshak muka sunkuyar da kai. Don tazara ta riƙa fita daidai aka kawo wata igiya aka ƙulla mata ƙulli a kowane inci ashirin da bakwai. Ina ganin ta na gane igiyar shanyata ce, amma na yi shiru saboda idon mutane.

Mako uku suka yi suna gwaji a filin ƙwallo, kuma Meshak ya mai da shi darasi na gaske, har da maki. Wasu suna lura da kafaɗun Baba, wasu da numfashinsa, su faɗi lokacin da ya kamata ya huta tun kafin shi ya yarda ya gaji. Sun gano kwana ce ta fi kafe shi, sai suka koyi buɗe gwangwalar a hankali kamar mafici maimakon karyawa lokaci ɗaya. Sun gano idan mutum biyu suka yi masa magana tare ƙafar takan rikice. Baba kuma ya samu ma'aikata bayan shekara uku ba shi da wanda zai yi wa tsawa. Ya san sunan kowa, ya san malalaci. Cin abincinsa ya dawo har na ƙara awon tuwo. Rannan na ji shi yana gaya wa gwaggona cewa aikin surukinsa aiki ne, ita ce ba ta yi makaranta ba.

Ranar Asabar ɗin gari ya waye garau bayan ruwan da aka yi ranar Alhamis. Ƙarfe tara motar kwaleji ta sauke mu a bakin kasuwa. Labari ya riga mu isa, rabin ƙauyen na tsaye, ga Fasto, ga matan Zumunta na majami'a da anko da tulunansu na kiɗa. Simon, don ba ya yarda da abin da bai gani ba, ya zo da kujerar ya ɓoye a bayan jama'a. Baba ya hango ta, ya ce a ba Fasto ya zauna idan ya gaji.

Aka miƙa igiya, aka jera gwangwala ashirin farare a kan jar ƙasa. Ɗalibai suka yi layi biyu a gefen hanya cikin ciyawa, manya da su, wasu da furfura, wanduna a naɗe. Lai'atu ce a gaba tana ajiyewa. Baba ya gyara hula ya ɗora takalmi a ta farko. Matan Zumunta suka ɗauki waƙa, muka tafi. Wadda ya bari a baya sai ta bi hannuwa ta wuce shi ta koma gaba, shi kuwa ko gefe bai kalla ba. Sau biyu aka huta, sau ɗaya a gangaren rafi, sau ɗaya don wani ɗalibi ya faɗa kunyar doya da gwangwala a hannu, Baba ya tsaya ya yi masa faɗa. Meshak yana tafe a bayansa taku ɗaya, hannuwansa a buɗe, bai taɓa shi ba ko sau ɗaya.

A gindin ɗorawa Baba ya tsaya. An buɗe kwanar daidai yadda aka koya, fararen gwangwala na gabansa, amma bai ɗaga ƙafa ba. Ga rufin gidanmu ana hangowa, a ce a nan abin zai ƙare. Na yunƙura zan kama shi, Meshak ya riƙe mini wuyan hannu, ya ce a hankali in duba gwiwoyinsa, ba kafewa ba ce, tsayawa ya yi da kansa.

Baba ya ɗaga hannun nan mai rawa ya juya wajen matan Zumunta. Da yarenmu ya yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Ku yi shiru haka nan. Da wannan waƙa ba za ta ji ba."

Dattijon ikilisiya ne ya faɗi haka, a gaban Fasto. Na saci kallon Faston, sai na ga ya cire hularsa ya rungume Littafi a ƙirji, ya yi wa matan alama da kai. Waƙa ta mutu, tuluna suka yi shiru. Baba ya taka. Babu abin da ake ji sai takalmin reluwe a kan gwangwala, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a natse, ba sauri ba jinkiri. Tun ina yarinya ake gaya mini akwai wannan takun, ban taɓa tsayawa na saurara ba sai ranar.

Ban san lokacin da na fizge hannuna ba. Na tattare zane na yanka ta cikin gonar citta, na shiga gida ta baya. Randar Mama tana inda take, matar Simon ta cika ta saboda baƙi. Ƙwaryar ma tana rataye a ƙusarta. Na ɗauraye ta, na ɗebo ruwa, na fito na tsaya a bakin ƙofa. Daga nan ana jin sa sarai, yana matsowa.

Hular ce ta fara ɓullowa. Lai'atu ta ajiye gwangwala ta ƙarshe a dokin ƙofa ta ja gefe. Baba ya taka ta, ya tsaya, gumi ya jiƙa kakin har ciki. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Sannan ya karɓa da hannu biyu ya sha, ruwan yana zuba a gemunsa.

"Daga ina kika ji?" ya tambaye ni.

"Daga ɗorawa, Baba."

Ya gyaɗa kai ya miƙo mini ƙwaryar da sauran ruwa a ciki, ya ce in riƙe masa, na uwata ne. Sannan ya juya ya ce wa ma'aikatansa me suke jira, layin bai ƙare ba, uwata a bayan gidan take. Suka ɗebo gwangwala suka fara jerawa ta gefen rumbu, ni kuma na bi bayansa da ƙwaryar, ina lura kada ta zube.